Daga Kwatarkwashi Zuwa Dutsen Kamaru: Su Wa Suka Nuna Hanya?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tsafe zuwa Gusau ya san Dutsen Kwatarkwashi, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Dattawa sun ba mu labarin bikin kamun maiki, lokacin da samari majiya ƙarfi ke hawa can ƙololuwa su kamo tsuntsun da ransa. Ba a hawan nan da ka, sai an bi bayan wanda ya san hanya. To amma namu dutsen lafiyayye ne, ba ya aman wuta. Yau ga labarin wani mai aman wuta a maƙwabta.

Dutsen Kamaru na kusa da garin Buea, tsawonsa ya haura mita 4,000, babu wanda ya kai shi a wannan sashe na Afirka. Kafin 1961 ma, tare da Nijeriya Turawan Ingila ke mulkin yankin. Ƙabilar Bakweri ce ke zaune a gindinsa, suna noma, suna farauta, suna ɗebo zuma a dazuzzukansa tun kaka da kakanni.

Littattafan Turawa sun ce Richard Burton ɗan Ingila da Gustav Mann Bajamushe ne suka fara kaiwa ƙololuwarsa, tsakanin ƙarshen 1861 da farkon 1862. A 1895 wata Baturiya mai suna Mary Kingsley ita ma ta hau. To mai karatu, wa ya ɗauki kayansu? Wa ya nuna musu inda ruwa yake a dutsen da samansa ba rafi? 'Yan ƙasa ne, amma tarihi ya riƙe sunan baƙo, ya saki na jagora. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Dutsen kuwa bai taɓa yin barci mai nisa ba. A 1909 ya girgiza har Jamusawa suka kwashe ofisoshin mulkinsu daga Buea zuwa Duwala na ɗan lokaci. Ya sake amai a 1922 da 1954 da 1959 da 1982. Na 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse titin bakin teku a Bakingili, sannan ya ƙara a 2000.

Duk da haka mutane ba su fasa hawa ba. A 1973 aka fara gasar tseren hawa da sauka a yini guda, inda wata mata, Sarah Etonge, ta lashe ta sau bakwai. Baƙi kuwa kan yi kwana biyu ko uku, suna yada zango a bukkoki, ga sanyi mai ratsa ƙashi, ga numfashi na sarƙewa saboda ƙarancin iska. A 2009 gwamnati ta mai da wurin gandun ƙasa. Jagoranci da dako suka zama sana'ar da jikokin mafarautan da ke ci da iyali, har rikicin yankin masu magana da Ingilishi, wanda ya ɓarke a 2016, ya rage musu baƙi.

Mu ma rashin tsaro ya raba mutane da duwatsun Zamfara. Tsofaffin da suka san hanyoyin Kwatarkwashi da kogunansa suna ta ƙarewa. Ina kira ga marubutanmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, a je a zauna da su, a rubuta sunayensu da abin da suka sani tun suna raye.