Rigar da Aka Ɗinka wa 386

Yau zan ɗan kauce daga labaran soyayya da muka saba, in kawo muku tarihin wani abu da masana kwamfuta ke kira kanel, wato zuciyar babbar manhajar kwamfuta, wadda ita ce ke magana kai tsaye da masarrafa, ta raba wa sauran manhajoji lokaci da ma'adana.

A watan Janairun 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sayi kwamfuta mai masarrafar Intel 386 a kan bashi, yana biya kaɗan-kaɗan. Yana da shekara 21. So yake ya san ciki da wajen wannan masarrafa, sai ya shiga rubuta kanel ɗin kansa. Da ya sanar da aikin a ranar 25 ga Agusta na shekarar, da bakinsa ya ce abin na 386 ne kaɗai, ba zai zauna a kan wata masarrafa ba. Kai, fitowar farko ta watan Satumba ma allon rubutu irin na Finlan kawai ta sani. Duk mai son wani daban, sai ya buɗe rubutun ya gyara da hannunsa, sannan ya sake harhaɗa shi.

Harhaɗawar nan ita ce maganarmu. Rubutun kanel da harshen C yake, masarrafa kuwa ba ta jin C, sai an juya mata shi zuwa harshen inji. Kafin juyawar sai ka faɗi irin kwamfutarka, kamar yadda tela ke auna mutum kafin ya sa almakashi. A shekarun 1990 mutum kan rubuta make config, sai tambayoyi su fara zubowa ɗaya bayan ɗaya. Wace masarrafa ce da kai, 386 ko 486 ko Pentium? Tana iya lissafin ɓarin lamba da kanta, ko a kwaikwaya mata? Ita 386 ba ta iyawa sai an haɗa mata 'yar rakiya mai suna 387. Abin haushin shi ne babu komawa baya. In ka yi kuskure a tambaya ta hamsin, sai dai ka faro daga farko. Daga baya aka kawo make menuconfig, mai barin mutum ya yi gaba ya yi baya. Bayan nan sai jira, don a tsohuwar 386 harhaɗawar kan ci sa'o'i. Wanda kuma ya zaɓi Pentium alhali 386 gare shi, kwamfutar ƙin tashi za ta yi ƙememe.

A Janairun 1992 Farfesa Andrew Tanenbaum na Amsterdam, marubucin Minix, ya soki Linux, ya ce tun ba a je ko'ina ba ta tsufa, kuma ɗaure ta a jikin 386 kuskure ne. Ni a ganina malamin yana da gaskiya a kan ɗaurin, hasashensa ne bai ci ba. A 1994 Jon Hall na kamfanin DEC ya sa aka ba Linus kwamfuta mai masarrafar Alpha. Dole ta sa aka ware abin da ya shafi kowace masarrafa a ɗakinsa, sauran rubutun ya zama na kowa. Linux 1.2 ta Maris 1995 ta fito da Alpha da SPARC da MIPS a cikinta. Wannan rabon ne ya ba da hanyar da kanel ɗin ya bi har ya shiga wayoyin Android masu masarrafar ARM, inda kamfanoni suka daɗe suna aunawa su harhaɗa wa kowace waya nata.

Ita kuwa 386, Intel ta daina ƙera ta a 2007. A Disambar 2012 Ingo Molnar ya kawo gyaran da ya cire ta daga kanel, saboda lallaɓa ta na wahalar da masu aiki, Linus kuma ya amince ba tare da wani jimami ba. Linux 3.8 ta fito a Fabrairun 2013, kuma kwamfutar da aka fara rubuta ta a kai ba za ta iya tashi da ita ba.