Blackphone: Wayar Tsaro a Hannun Masu Kutse

Blackphone waya ce da kamfanonin Silent Circle da Geeksphone suka fitar a watan Yunin 2014, shekara guda bayan Edward Snowden ya fallasa yadda hukumomin leƙen asirin Amurka ke tatsar bayanan jama'a. Tana aiki ne da PrivatOS, tsarin da aka gina a kan Android domin kare sirrin mai waya.

A watan Agustan shekarar, a taron masu kutse na DEF CON a Las Vegas, Jon Sawyer ya yi mata rutin, wato ya karɓe cikakken iko a kan tsarinta. Mai irin wannan iko na iya karanta fayilolin manhajoji ko dasa manhajar leƙen asiri.

Sai dai kutsen na da sharuɗɗa: wayar ta kasance a hannun mai kutsen, ya san lambar sirrinta, ya kuma jona ta da kwamfuta. Wayar da Sawyer ya gwada ba a sabunta ta ba, alhali kamfanin ya riga ya toshe ɗaya daga cikin kafofin da ya bi.

Kafar da ta fi haɗari ta bayyana a Janairun 2015, lokacin da Mark Dowd ya nuna cewa saƙo guda zuwa manhajar Silent Text na iya ba maharin shiga daga nesa. An toshe ta kafin ya sanar.

Ga ɗan jarida ko mai fafutukar da za a iya ƙwace wayarsa, kariyar ta dogara ne ga lambar sirri mai tsawo da sabunta waya a kan kari.