Ƙato Bayan Ƙato: Gardamar Zaɓen Fidda Gwani A Sabo, 1992 Zuwa 1993

Duk lokacin da kakar siyasa ta kama, muka ga samarinmu sun duƙufa a kan waya suna jifan juna da baƙar magana saboda 'yan takara, sai mu tuna wata gardama da aka yi a unguwar nan sama da shekara talatin da suka wuce. A lokacin mu ma samari ne. Wasunmu suna tsaron rumfar goro ta iyayensu, wasu suna koyon canji, wasu suna bin dillalan shanu zuwa Bodija. Ba mu da bakin magana a majalisar dattawa, amma muna da kunne. Abin da muka ji da abin da muka gani shi ne muke son mu ajiye a rubuce, tunda yawancin dattawan da suka yi gardamar sun riga mu gidan gaskiya.

Sai mun ɗan koma baya kafin a fahimci zancen. A watan Oktoba na 1989 gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasar da jama'a suka kafa rajista, ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kanta: SDP mai alamar doki da NRC mai alamar gaggafa. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ita ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi. Hukumar zaɓe kuwa tana hannun Farfesa Humphrey Nwosu. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Disamba 1990, na gwamnoni a Disamba 1991, na majalisar tarayya a Yuli 1992. Salon da aka riƙa bi shi ne wanda muke kira ƙato bayan ƙato: a kafa hoton ɗan takara, kowa ya bi layi a bayan wanda yake so, a ƙirga mutane da rana tsaka.

To, ga mutumin da ke garinsu wannan salo ba wani abu ba ne. Amma ga mu mazauna Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa tun 1916, tsayuwa a layi magana ce babba. Bayaraben da kuke ciniki da shi yana kallonka. Mai ba ka bashin goro yana kallonka. Surukinka yana kallonka. Iyayenmu sun san wannan tun a shekarun 1950, lokacin da Sabo ta rabu tsakanin Action Group da NCNC, kuma sun ba mu labarin yadda rabuwar ta shiga har harkar kasuwa. Shi ya sa dattawa ba sa ɗaukar zaɓin layi da wasa.

Zagayen farko na gardamar ya zo a watannin Agusta da Satumba na 1992, da aka shiga zaɓen fidda ɗan takarar shugaban ƙasa, rukunin jihohi bayan rukuni. A SDP wanda ya fi tashe shi ne Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, wanda ya yi mataimaki ga Obasanjo daga 1976 zuwa 1979. Cikin masu karawa da shi akwai Cif Olu Falae da Alhaji Lateef Jakande, tsohon gwamnan Legas. A NRC kuwa Malam Adamu Ciroma ne da Alhaji Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, suke kan gaba.

Gaskiya wannan zagaye bai wahalar da Sabo sosai ba. Jihar Oyo ta SDP ce, gwamna Kolapo Ishola ɗan SDP ne, kuma Tafida ya riga ya kafa mutanensa a ƙasar Yarbawa, irin su Alhaji Lamidi Adedibu na Molete. Saboda haka Bahaushe zai iya bin layin 'Yar'aduwa ya waiwaya ya ga Yarbawa a gabansa da bayansa. Gardamar da aka yi ta cikin gida ce. Sakkwatawa da Zamfarawa da yawa zuciyarsu tana wajen Marafa. Masu bin jarida suna yabon Adamu Ciroma, suna cewa wanda ya riƙe New Nigerian ya kuma riƙe Babban Banki ai ya san kan ƙasa. Shi kuwa Falae, da an ambace shi sai a ce ai mutumin SAP ne, tunda ya yi sakataren gwamnati da ministan kuɗi a zamanin tsuke bakin aljihu. A watan Maris na shekarar ne fa naira ta faɗi daga wajen 10 zuwa wajen 18 a kan dala ɗaya, kowa kuwa ya ji a jikinsa.

'Yar'aduwa ya yi nisa a gaba sai gwamnati ta taka burki. A Oktoba 1992 aka soke zaɓen, aka rushe shugabannin jam'iyyun biyu aka naɗa na riƙo, a Nuwamba kuma aka haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Dalilin da aka bayar shi ne maguɗi da watsa kuɗi. Mu dai ba za mu ce ba a raba kuɗi ba, don mun ga ana rabawa. Amma tun a ranar wasu dattawa suka ce wanda ya soke na farko ba zai ji nauyin soke na biyu ba. Mu samari muka ɗauka tsoro ne irin na tsofaffi.

Daga nan aka fito da tsarin da ake kira Option A4. Duk mai neman shugabancin ƙasa sai ya fara cin mazaɓarsa, ya ci ƙaramar hukumarsa, ya ci jiharsa, sannan ya je babban taron jam'iyya inda wakilai za su zaɓa. A wannan tsarin ne Janar Yakubu Gowon, tsohon shugaban ƙasa guda, ya sha kaye tun a gida a Zariya a hannun Dokta Dalhatu Tafida. Ka ga ke nan mu a Sabo ba mu ne za mu tsaya bayan hoton manyan 'yan takara ba. Namu shi ne mu zaɓi wakilai daga mazaɓa. Duk da haka ba mu taɓa ganin gardama irin ta wannan lokacin ba.

Azumin 1993 ya kama daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, kuma a cikinsa ne ta bayyana cewa mutum uku ne za su fafata a SDP: Alhaji Moshood Abiola daga Abekuta, Ambasada Babagana Kingibe daga Barno, da Alhaji Atiku Abubakar daga Adamawa. Bayan asham, a bakin masu shayi da ƙofar shaguna, majalisa takan rabu uku.

Mutanen Kingibe hujjarsu a fili take: naka sai naka. Suna cewa ya shugabanci jam'iyyar tun farkonta, ya yi jakadanci a ƙasashen waje, ga iya magana, ga gwamnonin SDP da yawa suna bayansa. Suna kuma cewa baƙo a Kurmi ba shi da garkuwar da ta wuce a ce na sama nasa ne, domin ko ɗan sanda sai ya yi tunani kafin ya taɓa ka.

Mutanen Atiku kuwa mutanen Tafida ne. Su a wurinsu an zalunci 'Yar'aduwa, hanyar rama masa ita ce a ɗora wanda ya nuna. Masu suka sai su ce yaro ne, bai daɗe da ajiye aikin kwastan ba, kuma ɗan kasuwa bai cika sakin jiki da mai wannan kakin ba. Akan yi dariya, a ci gaba.

Mutanen Abiola su ne suka fi shan tambaya, domin su ne suka bar ɗan Arewa suka bi Bayarabe. Hujjarsu ta farko ita ce Musulmi ne da aka san shi da hidimar addini, yana cikin shugabannin Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci, kuma kyautarsa ta isa masallatai da makarantu har a Arewa. Ta biyu, ɗan kasuwa ne da ya tashi cikin talauci, ya san zafin nema. Masu adawa suka ce ai abokin sojoji ne, dukiyarsa ta yi yawa, kuma in ya hau, 'yan gari za su ɗaga mana kai, su ce mulki ya dawo gida. A nan ne wani dattijo mai sayar da goro, wanda aka haifa a Sabo kuma a nan aka binne shi, ya kawo hujjar da ba mu manta ba. Ya ce mutumin Kano yana iya zagin Abiola ya shiga gida ya yi barci, amma mu famfo ɗaya muke ɗiba da mutanensa. In ya ci aka ba shi, mun zauna lafiya. In ya ci aka hana shi, ba waɗanda suka hana za a nema ba, mu da ke kusa za a nema.

In ka duba da kyau, ƙarƙashin sunayen nan uku tambaya ɗaya ce: mu 'yan ina ne? Wanda ya zo ci-rani, iyalinsa suna Ɗanbatta ko Illela, yana auna ɗan takara da ma'aunin gida. Wanda kakansa ke kwance a maƙabartar nan, mahaifiyarsa wataƙila Bayarabiya ce, Yarbanci a bakinsa kamar Hausa, yana auna shi da ma'aunin Ibadan. Kowanne yana da gaskiyarsa. Murya takan tashi har a ji a tsallaken titi, amma ba mu ga wanda ya fasa bin wani salla ba, ba mu ga wanda ya janye wa wani bashi ba. Da sahur kuma kwano ɗaya ake sa hannu.

Kwana kaɗan bayan ƙaramar salla, a ƙarshen Maris 1993, SDP ta yi babban taronta a Jos. Mun kwana a gindin rediyo. A zagayen farko Abiola ya zo na ɗaya, Kingibe yana biye da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 400 ba, Atiku na uku da ƙuri'a dubu biyu da 'yan kai. Ƙuri'un mutanen Tafida ne suka raba gardama: Atiku ya janye, Abiola ya ci zagaye na biyu da ƙyar. A Fatakwal kuma NRC ta tsayar da Alhaji Bashir Tofa, ɗan kasuwa daga Kano. Da aka zo ɗaukar mataimaki, mutanen 'Yar'aduwa sun sa ran Atiku, amma gwamnoni suka matsa, Abiola ya ɗauki Kingibe. Musulmi biyu ke nan a tikiti ɗaya, kuma Kiristoci miliyoyi suka zaɓe su.

A Sabo wannan haɗin ya ɗinke ɓarakar SDP, sai dai wasu Kanawa suka koma wajen Tofa, suka ce ɗan garinsu ne. Ranar Asabar 12 ga Yuni aka yi zaɓe lafiya. Alƙaluman da suka fito daga baya sun nuna Abiola ya samu ƙuri'a sama da miliyan 8, wajen kashi 58 cikin ɗari, har da jihar Kano ta Tofa. Ranar 23 ga Yuni gwamnati ta soke zaɓen.

Abin da dattijon goro ya faɗa shi ya faru. A Yuli zanga-zanga ta ɓarke a Legas ta bazu garuruwan Yarbawa, aka kashe mutane. Kafin 27 ga Agusta, ranar da soja suka yi alkawarin miƙa mulki, jita-jitar yaƙi ta cika ko'ina. Inyamurai suka yi ta kwashe kaya zuwa Gabas, namu ma suka kama hanyar Arewa. Motocin da suka kawo shanu da albasa suka koma ɗauke da mata da yara. Wasu sun karyar da kayan shago a rabin kuɗi, wasu yaran shekarar karatunsu ta tafi. Wanda ya bi Abiola da wanda ya bi Kingibe da wanda ya bi Tofa duk mota ɗaya suka sa iyalinsu. Babu wanda ya tambaye mu layin da muka bi. Dole kuma mu faɗa, akwai maƙwabta Yarbawa da suka tsare mana shaguna har muka dawo, ba a taɓa ko allura ba.

Sauran labarin sananne ne. Babangida ya sauka ranar 26 ga Agusta ya bar wa Cif Ernest Shonekan riƙo, Janar Sani Abacha ya karɓe a 17 ga Nuwamba, Kingibe ya zama ministan harkokin waje a gwamnatinsa. 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997, Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998. Sai a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, ya ba Abiola lambar girma mafi girma ta ƙasa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To samari, ga abin da muke so ku ɗauka. Wata da watanni iyayenku suka yi suna gardama fuska da fuska, ba wanda ya bar gidansa saboda ita. Ranar da aka tattake ƙuri'ar jama'a ce ta sa muka ɗaure kaya. Don haka ko ɗan takararku ya faɗi, ku tsaya a kan a ba wanda ya ci haƙƙinsa, domin mu ne na farko da ke biyan kuɗin rashin adalci in rikici ya tashi. Sannan ku lura, yau ma a mazaɓa ake fara komai. Da yawanmu katin zaɓenmu yana can gida, katin jam'iyya kuwa ba mu da shi sam, alhali a nan muke biyan haraji, a nan 'ya'yanmu ke makaranta. Wanda ba ya cikin ɗakin da ake zaɓen deliget, sai dai ya ji sakamako a rediyo kamar yadda muka ji na Jos. Ku yi rajista a nan, ku shiga taron mazaɓa a nan, ku yi gardamarku da hujja. Abin da ba za ka iya faɗa wa mutum kuna zaune a benci ɗaya wurin mai shayi ba, kada ka rubuta masa shi a waya.

Allah ya zaunar da Sabo lafiya, ya zaunar da masu masaukinmu lafiya. Amin.