Ɓerayen da suka bayyana yadda ake gadon hawan jini

Hawan jini yana cikin cututtukan da ke bin dangi, amma tantance abin da ake gada a jikin ɗan'adam yana da wuya, domin abinci da ƙiba da yanayin rayuwa duk suna cuɗanya da gado. Shi ya sa masana suka koma kan ɓeraye, waɗanda ake iya sarrafa abincinsu da hayayyafarsu a ɗakin gwaje-gwaje.

A shekarar 1963, Kozo Okamoto da Kyuzo Aoki na Jami'ar Kyoto a Japan suka sanar da samar da wani irin ɓera da ake kira SHR. Sun riƙa zaɓen ɓerayen da jininsu ya fi hawa suna haɗa su, zuri'a bayan zuri'a, har aka samu irin da jininsa ke fara hawa da kansa tun yana ɗan makonni 5 zuwa 6, awon sama ya kai 180 zuwa 200 idan ya girma.

A Amurka kuwa, Lewis Dahl ya ware iri biyu a 1962: ɗaya jininsa na hawa idan aka ba shi gishiri da yawa, ɗayan kuma ba ya hawa ko da ya ci irin wannan abincin. Gwaje-gwajen dashen ƙoda da suka biyo baya sun nuna cewa idan aka sa wa lafiyayyen ɓera ƙodar mai hawan jini, shi ma jininsa kan hau. Wato wani babban ɓangare na gadon yana cikin yadda ƙoda ke fitar da gishiri.

A 1991 aka gano wani yanki a kuromosom na 10 na ɓera mai alaƙa da cutar, kusa da ƙwayar gadon sinadarin ACE, wanda magunguna irin su lisinopril ke rage wa aiki. Daga baya an gano wasu yankuna masu yawa, abin da ya tabbatar da cewa ƙwayoyin gado da dama ne ke haɗuwa, kowace da ɗan tasirinta.

Binciken ya nuna cewa gado kan sa mutum cikin haɗari, gishiri kuma kan ƙara shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su riƙa cin ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, kuma wanda iyayensa ke da hawan jini ya fi kowa buƙatar yawan auna jininsa.