Medla: Itacen da Masu Zane Suka Adana Tarihinsa

A ƙarnonin da lemo da sukari suke kayan masu hali a arewacin Turai, hunturu lokaci ne na ƙarancin kayan marmari. Ɗaya daga cikin 'ya'yan itatuwa ƙalilan da ake samu a wannan lokaci shi ne medla, ɗan uwan tuffa, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda girmansa bai wuce na goro ba. Ɗanyensa yana da tauri da bauri kamar ɗanyar kanya. Sai an tsinke shi a ƙarshen kaka, an shimfiɗa a kan busasshiyar ciyawa na makonni, sannan cikinsa ya yi laushi ya koma zaƙi.

Asalin itacen daga yankin Bahar Aswad ne, da tsaunukan Kaukasus da arewacin Iran. Girkawa da Rumawa sun san shi, kuma wajen shekara ta 800 dokar gonakin Sarki Shalman ta lissafa shi cikin itatuwan da za a dasa a gandun sarauta. Daɗewarsa a Turai ta sa a 1753 masanin tsirrai Carl Linnaeus ya raɗa masa suna Mespilus germanica, wato ya jingina shi ga Jamus, ƙasar da baƙo ne a cikinta.

Wasu daga cikin sanannun zanensa sun samo tushe daga Bagadaza. A ƙarni na 11 likita Ibn Butlan ya rubuta Taƙwimus Sihha, littafin jadawalin abinci da lafiya. An fassara shi zuwa Latin, kuma a ƙarshen ƙarni na 14 masu zane a arewacin Italiya suka ƙawata kwafe-kwafensa da hotuna. A shafin medla itacen ake gani tare da mutane a gindinsa, domin damuwar littafin ita ce amfanin 'ya'yan ga jiki. Siffar ganye da fure ba ta samu kulawa sosai ba.

Da ilimin rarrabe tsirrai ya kafu, buƙata ta canja. Littafin Duhamel du Monceau na itatuwan marmari, wanda ya fito a Faransa a 1768, da na Otto Wilhelm Thomé na Jamus a 1885, sun kawar da mutum daga shafin. Irin wannan zane yana nuna abin da zai bambanta medla daga danginsa: farin fure ɗaya a kan reshe, dogayen ganyaye, da buɗaɗɗen bakin ɗan itacen mai harsuna 5 kamar kambi. Mai zane yakan haɗa fure da 'ya'ya a shafi guda, alhali watanni ne tsakaninsu a gona.

A daidai zamanin da zanen ya kai wannan inganci, medla ya fara ɓacewa daga kasuwannin yammacin Turai. Jiragen ruwa da na ƙasa sun kawo lemo da ayaba, sukari ya yi araha, kuma ɗan itacen da ba ya ciwuwa sai ya yi taushi yana da wuyar dako. Har yau ana sayar da shi a Turkiyya da Iran, amma Bature da yawa a shafin tsohon littafi ya fara ganinsa.