Littafin Tafiyar Jirgin Ruwa da Tarihin Kogin Kwara

Maƙasudin wannan takarda shi ne jawo hankalin masu nazarin tarihi zuwa ga wata madogara da ba a cika kula da ita ba, wato littafin da matuƙa ke rubuta tafiyar jirgi a ciki kullum.

A ƙarni na 19, in jirgi na bisa teku, akan jefa wani katako a ruwa, ɗaure da igiya mai ƙulle-ƙulle, kimanin ƙafa 47 tsakanin ƙulli da ƙulli. Yawan ƙullin da ya zare cikin daƙiƙa 28 shi ne gudun jirgin. Sai a rubuta wannan, tare da fuskar da kamfas ya nuna, da yanayin iska, da tsayin rana da tsakar rana. Da haka matuƙi kan lissafa inda yake ko ba ya hangen tudu. In kuwa an shiga kogi, zurfin ruwa da alamun gaɓa su aka fi rubutawa.

Ta irin wannan rubutu ne Turawa suka san kogunanmu. Alal misali, a 1854 jirgin Pleiad, ƙarƙashin Dakta William Baikie, ya haura Kwara ya shiga Binuwai, kuma awon da D. J. May ya yi a tafiyar ya zama taswira. A 1857 jirgin Dayspring ya fashe a kan duwatsu kusa da Jabba, amma Laftanar John Glover da ke cikinsa ya ci gaba da auna kogin. Shi ne kuma ya kafa rundunar Hausawa a Legas a 1863, wadda sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushensa.

Wannan gado ya iso ƙofarmu a nan Mando, domin a Afaka, maƙwabciyarmu, Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, wadda aka kafa a Kaduna a 1964, ke horar da hafsoshin ruwa tare da na ƙasa da na sama.

Daga ƙarshe, abin lura shi ne alƙalamin mai awo ya riga bindiga shigowa. Saboda haka ya wajaba masana su karanta waɗannan littattafai da idon basira, suna gwada su da labaran baka na Nufawa da Kakanda, waɗanda suka daɗe da sanin kogin kafin baƙo ya auna shi.