Sunan Zuriyar Farmer: Noma Ko Jinga?

Ra'ayin da ya yaɗu, wanda wani abokin nazari ya sake nanatawa kwanan nan, shi ne wai duk Baturen Ingila mai sunan zuriya Farmer jikan manomi ne. A ganina, an ɗauki ma'anar yau ne an jingina wa mutanen da ba su san ta ba.

Babu jayayya cewa sunayen zuriya sun fara kafuwa a Ingila bayan mamayar Normawa ta 1066, kuma zuwa wajen 1400 akasarinsu sun zama na gado (duba Reaney, 1958). A wancan zamani, kalmar farmer da ta shigo ta tsohon Faransanci daga firma ta Latin tana nufin wanda ya yi jinga da sarki ko mai ƙasa: ya biya ƙayyadadden kuɗi duk shekara, ya tara haraji ko kuɗin kasuwa, rarar ta zama tasa. Mai yi wa ubangida huɗa yana da nasa suna, wanda ya bar mana sunan zuriya Ackerman. Ma'anar "manomi" kuwa ba ta kankama ba sai ƙarni na 16.

Hujjar abokin namu ba ta yarwa ba ce. Ya ce bayan annobar 1348 zuwa 1349, da hannaye suka yi ƙaranci, ladan ƙwadago ya tashi, masu ƙasa da dama sun ba da gandayensu haya, kuma da wannan kalma ake kiran masu hayar. Ashe ba manoma ba ne? Lalle da yawansu sun yi noma. Sai dai a ƙauyen da kusan kowa ke noma, me zai sa noma ya zama lambar mutum ɗaya? Abin da ya fitar da shi daga cikin maƙwabta, ga dukkan alamu, shi ne yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mai ƙasa.

Duk da haka, hujjar tasa ta rage wa da'awata faɗi. Ba kowane Farmer ne jikan mai tara haraji ba. Wasu jikokin masu hayar gandu ne. Abin da ya haɗa su shi ne ƙayyadadden biya, kuma a kansa sunan ya tsaya. Fassara shi da "manomi" kuskure ne na tarihi.